Ba bara muke yi a Ingila ba, Malam

Malam, tambayarka na gan ta, wai da gaske ne mu Hausawan Ingila har kotu muke kai gwamnati don an hana mu kuɗin nakasa, kuma wai ina kunyarmu ta Hausawa ta tafi. Toh da gaske ne muna kaiwa, amma wallahi kalmar bara da ka saka a ciki ta yi min ciwo. Babanmu ya zo ƙasar nan tun muna ƙanana, bas ya tuƙa a Manchester har furfura ta cika masa kai, kuma duk wata kafin albashi ya shigo hannunsa an riga an yanke haraji. Da ɓarin jikinsa ya shanye bai kai shekarun fansho ba, shi ne muka nema masa kuɗin tallafin nakasa na gwamnati da ake kira PIP, wanda aka fara tun 2013. Ba a duba ko kana da kuɗi ko ba ka da shi, mai aiki ma yana karɓa, abin da ake dubawa kawai yadda ciwon ya hana ka hidimar kanka.

Maki ake bayarwa. Girki, wanka, sa kaya, shiga banɗaki, tafiyar ƙasa, kowanne da makinsa, an kasa su ɓangare biyu, na hidimar yau da kullum da na zirga-zirga, sai ka haɗa 8 a ɓangare guda kafin a ba ka ƙaramin kaso, 12 kuma babba. To a nan ne halinmu na gida yake kashe mu. Ma'aikaciyar lafiya ta kira Baba a waya tana masa tambayoyi, kowace ta yi sai ya ce Alhamdulillahi, da sauƙi, ina lallaɓawa. Dattijon Bahaushe ne fa, ta ina zai buɗe baki ya gaya wa baƙuwar mace cewa Umma ce take riƙe masa buta, ita take ɓalle masa maɓallin riga, cokali ma sai an ɗora masa a hannun hagu? Ita kuwa abin da ta ji shi ta rubuta. Wasiƙa ta zo, an ƙi.

Baba cewa ya yi a bar wa Allah. Mu kuma muka ce a'a, don wata ɗaya kacal ake ba ka ka nemi su sake duba hukuncin, kuma yawanci a wannan matakin ba sa canza komai, namu ma ba su canza ba. Daga nan sai ɗaukaka ƙara, shi ma cikin wata ɗaya. Kotun ba irin wadda kake hangowa ba ce, ɗaki ne da tebur, alƙali da likita da wani masanin harkar nakasa, ba a biyan ko sisi, tafinta ma kyauta ne in ka nema. Fiye da rabin waɗanda ake sauraron ƙararsu suna yin nasara, ka ga ashe ba kowace ƙi ba ce gaskiya. Kuma doka ta ce ba a lissafa ka iya abu sai in kana iya yinsa ba haɗari, akai-akai, cikin lokacin da ya dace. Mutumin da zai yi rabin awa yana fama da wando ba a ce ya iya sa kaya ba.

Ka san wa ya tsaya mana? Mijin ƙanwata, Baturen nan da dangi a gida suka ƙi yi mana murnar aurensa, har aka ce mun ɓace mun zama Turawa. Ya musulunta tun kafin ya san ta, amma wannan bai ishe su ba. Shi ya kai mu Citizens Advice, wata ƙungiya mai ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, shi ya sa Umma ta riƙa faɗa muna rubutawa kullum abin da take yi wa Baba, shi ya bi likitoci ya karɓo takardu. Ranar zaman kuma da ya tura keken Baba har ƙofar ɗakin, sai ya tsaya a waje, ya ce ya san Baba ba zai iya maganar banɗaki a gaban surukinsa ba. Ba wanda ya koya masa, zama da mu ne kawai. Baba ya yi maganar da Hausa, kansa a ƙasa, tafinta na juyawa, Umma na share hawaye da gefen mayafi. Aka ba shi, har da bashin baya tun daga ranar da ya fara nema.

Batun ko mu Hausawa ne har yanzu kuwa, yaranmu Hausarsu ta karkace, ban musa ba. Amma ana suna, ana zaman makoki, ana kai wa mara lafiya kunu da tuwo a kula har asibiti, kuma daga cikin kuɗin nan ne Baba yake ci gaba da aika wa 'yan'uwansa na azumi, ban taɓa jin wanda ya mayar ya ce na bara ne ba.

Sai dai kar wani ya ji wannan ya ɗauko jaka. Wanda ya zo da bizar karatu ko ta aiki ba shi da haƙƙin taɓa wannan kuɗin, sharaɗin a rubuce yake a takardarsa, in ya karɓa ma zai iya jawo wa zamansa matsala.