Ka bi sawun ruwa: amsa ga yarona da ke aiki a Ikko

Ɗana, saƙonka ya iso jiya bayan la'asar. Ƙaninka ne ya kunna mini muryar a waya, shi ne kuma yake rubuta wannan, ni ina faɗa. Ka ce za a yi bikin nan na buɗe gine-gine a Legas, wato Ikko, wanda suke kira Open House Lagos, ranar da ake barin kowa ya shiga tsofaffin gidaje da manyan benaye, masu zanen gini suna yi wa jama'a bayani. Kana tambaya ko ya dace ka bar aikin Asabar da kuɗin yininka ka je, in kuma ka je, me birkila zai kalla a taron da injiniyoyi da 'yan jami'a suka cika.

Ka je. Amma ka nemi izinin mai aikin tun ranar Alhamis, kada ka ɓace masa ka bar lebura da kwaɓi yana bushewa a ƙasa. Shi wannan biki a Landan aka fara shi a 1992, ya iso Legas a 2016, kuma abin da ya sa na ga darajarsa shi ne ƙofar da kullum mai gadi yake korarka daga bakinta, ranar nan shi da kansa zai ce maka bismillah.

Da kun isa gini za ka ga kowa ya tsaya a gaba ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Kai ka zaga baya. Tambaya ɗaya za ka riƙe a ranka daga gini na farko har na ƙarshe: in an yi ruwan sama, ta ina ruwan yake bi har ya bar jikin ginin nan?

Ni da kunya na koyi wannan tambaya. Lokacin da na fara zuwa Ikko ina ji da kaina, hannuna na Zariya ne, na san tubali, na san azara, na iya ɗaurin guga, rufin nan na ƙasa mai lanƙwasa, tun ban yi gemu ba. Aka ba ni rufin wani ɗan gida mai ɗaki huɗu, sai na yi masa irin na gida: na ɗaga rawani, wato gajeren bango, kewaye da rufin, na ɓoye kwanon a bayansa, na fitar da 'yan bututu guda huɗu a matsayin indararo. Ya yi kyau har maƙwabta suna tsayawa kallo. Watan Yuni ya kama, aka kwana biyu ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ganye ya toshe bututu biyu, sauran biyun suka kasa, ruwa ya taru a bayan rawanin kamar kududdufi, ya ɓalle ta silin ya sauka a kan katifar ɗan haya. Da hannuna na fasa rawanin nan da guduma, mai gidan yana tsaye a kaina, kuma ko sisi ban karɓa ba. Ruwan Ikko ya fi namu yawa nesa ba kusa ba a shekara. Mu in aka yi ruwa da safe, kafin azahar rana ta busar da bango. Can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ga gishirin teku a cikinta.

Don haka in da ni ne, da Ebute Metta zan fara, cikin harabar 'yan jirgin ƙasa, inda gidan Jaekel yake. A 1898 aka gina shi, bene ne hawa ɗaya, yanzu ɗan gidan tarihi ne na jirgin ƙasa. Tsaya a gindin bango ka ɗaga kai, ka ga yadda rufin ya zarce bangon. Auna zarcewar da takunka. Sannan ka duba barandar, ka tambayi kanka yaushe rabon ruwa ko rana su taɓa bangon ɗakin kansa. In ka hau sama, tsaya tsakanin tagogi biyu masu kallon juna ka ji iska tana wucewa ta jikinka ba fanka ba na'ura. Ka durƙusa ka duba inda katako ya haɗu da gini, nan ne gara da ruɓewa suke fara cin gida, ka ga dabarar da aka yi don kada ƙafar katakon ta zauna cikin laima. Kwatanta wannan da gidajen da kuke ginawa yau, da ake yanke kwano daf da bango don a rage kuɗin bandir guda, bayan damina biyu fenti ya yi baƙi da gansakuka.

Daga nan ka tsallaka tsibiri, titin Martins, masallacin Shitta-Bey. Ko yana cikin jerin bana ko ba ya ciki, masallaci ne, yi alwala ka shiga. A 1894 aka buɗe shi, attajiri Muhammadu Shitta ne ya biya, maginin kuwa João Baptista da Costa, ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo daga bauta a Barazil da sana'ar gini a hannunsu, waɗanda mutanen Ikko suke kira Aguda. Mai taimaka masa ɗan gari ne, Sanusi Aka. Ka ga ke nan sunan yaron magini bai ɓata ba, shekara fiye da 130. A masallacin da sauran gidajen Aguda da suka rage a unguwar, shafe za ka kalla. Adon nan da suke fitarwa a saman taga da ƙarƙashin rufi, wanda masu hoto suke so, rabinsa aiki yake yi: yana tura ruwa gaba don ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Inda hannunka ya kai, shafa ƙarƙashinsa da yatsa, sau da yawa za ka ji ɗan tsagi ko leɓe, nan ruwan yake yankewa. Ka nemi kuma wurin da wani ya zo daga baya ya liƙe tsohon shafen farar ƙasa da siminti. Za ka ga gefen facin ya kumbura ko ya ɓare, don farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, siminti kuwa yana kulle laimar a ciki sai ta nemi hanya ta gefe. Abin da ke faruwa ke nan a gida in aka yi wa ginin ƙasa filastar siminti aka bar makuba, shafenmu na gargajiya.

Akwai wanda ba za ka gani ba. Ilojo Bar, kusa da dandalin Tinubu, gidan Aguda ne da gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin babbar Sallah, aka sa katafila aka kwantar da shi. Na sha wucewa ta gabansa ina cewa wata rana zan tsaya in duba ƙarfen barandarsa da kyau.

Babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu, wanda 'yan Bulgeriya suka gama a 1976 don FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, kowa hular soja yake gani a siffarsa. Kai ka kalli ƙasar da ke kewaye da shi. Fadama ce. Ginin da aka yi babban zaurensa don ɗaukar mutum 5,000 ba zai zauna a kan taɓo da irin fandishon da muke haƙawa a birjin Kano ba, sai an kafa turakun kankare can ƙasa. In ka samu injiniya mai sakin fuska, wannan za ka tambaye shi, yadda ake kafa su da yadda ake sanin sun kai ƙasa mai ƙarfi. Ginin ya yi shekaru a lalace kafin bankuna su haɗa kuɗi a gyara shi, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Tambayi yadda suka yi da rufin.

Dogayen benayen Marina, irin su NECOM mai hawa 32, ba sai ka daɗe ba. Abu ɗaya za ka nema a tsofaffin cikinsu: jan zane kamar hawaye a jikin ginshiƙi ko ƙarƙashin baranda. Tsatsa ce. Iskar gishiri ta ratsa kankare ta samu rodi, rodin ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Yanzu ka gane dalilin da nake yi maka faɗa a kan biskit ɗin nan da kuke ƙyashin sakawa tsakanin rodi da katako kafin a zuba kankare. A bakin teku kaurin yatsu biyu ma bai yi yawa ba.

Ka tafi da tef, da fensir, da ɗan littafi. Kada ka ƙwanƙwasa bangon mutane da ƙarfe, kada ka ɓantari komai. In mai bayani yana magana ka saurara, suna da ilimin da ba mu da shi, ko da Turancin ya yi maka yawa. Amma in an watse ka nemi mai gadi ko mai shara, ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi inda yake ajiye bokiti in hadari ya taso. Shi ya fi kowa sanin ginin.

In Allah ya kawo ka Sallah, ka zo da littafin. Za mu je masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, ka gaya mini ta ina kake ganin ruwa yake sauka kafin a lulluɓe shi da ginin siminti. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kilishin ya iso.