Tambaya da Amsa: Rediyon Baba Za Ta Iya Karɓar Sauti Daga Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar rediyo 'yar Japan mai hawa uku, da manyan sifiku biyu na katako. Har gobe babu wata 'yar sifikar yayi da ke kama ƙafarta wajen sauti. Sai dai kaset ɗinta ya daina juyawa, kuma duk tafsiri da waƙoƙin da nake saurare suna cikin wayata. Abokina ya ce in sayar da ita in sayi sabuwa mai Bluetooth. Akwai dabarar haɗa ta da waya ba tare da igiya ba, kuma da kuɗi kaɗan? Daga mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka gaishe min da abokin naka, amma kada ka ɗauki shawararsa. Na yi shekaru ina gyaran irin waɗannan rediyoyi a Sabon Gari, na san nauyin tiransifomar da ke cikinsu. In ka sayar yau, kuɗin da za a ba ka ba zai sayo maka rabin sautinta ba.

Abin da kake buƙata ɗan akwati ne da bai fi kwalin ashana girma ba. Ka je Farm Centre ko Beirut Road ka ce a ba ka risibar Bluetooth. Ka duba jikinta da kyau: RX na nufin mai karɓar sauti, ita kake nema. TX mai aikawa ce, ba za ta yi maka amfani a nan ba. Wasu suna da duka biyun da ɗan maɓalli a gefe, sai ka tura shi ɓangaren RX. Ka haɗa da igiya mai kan iyafis a gefe ɗaya, da kawuna biyu, ja da fari, a ɗaya gefen.

In ka koma gida, juya amfilifayar, wato sashen rediyon da ake haɗa sifiku a jikinsa, ka dubi bayanta. Za ka ga ramuka bibbiyu, ja da fari, an rubuta AUX, CD, TUNER ko TAPE IN. Kowanne ka samu babu komai a ciki ya yi, sai ka sa kawunan igiyar biyu a nan, kan iyafis ɗin kuma a jikin risibar. Ja na dama ne, fari na hagu. Sai ka murɗa mazaɓin gaban rediyon zuwa sunan ramin da ka sa. Rami ɗaya ne za ka guje wa, wanda aka rubuta PHONO. Wannan na garmaho ne. Allurar garmaho ɗan siririn sauti take fitarwa, shi ya sa aka yi wa ramin nasa abin ƙarawa da ke ninka sautin sosai, yana kuma ƙara masa kauri. In ka zuba masa cikakken sautin risiba, abin da za ka ji sai ka rantse sifika ta fashe.

Wani maƙwabcina ya taɓa sallama da ni bayan sallar isha'i, ransa a ɓace, wai an sayar masa da risiba jabu. Na bi shi zaure. Da ya kunna, sai wani gunji ke tashi a ƙarƙashin karatun, zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na bi igiyar da ido har soket, na tarar da wata caja marar nauyi, irin wadda in ka girgiza kake jin abu na motsi a ciki. Na zare ta, na sa risibar a fawa bank ɗin ɗansa. Shiru kake ji, sai muryar mai karatu tas. Risibar lafiyarta ƙalau. Wuta volt 5 kawai take sha, amma in cajar ba ta tace wutar ba, duk dattin wutar a sifika yake ƙarewa. Don haka ka ware mata caja mai kyau. In gunjin bai tafi ba, akwai ɗan abin da ake sawa a tsakanin igiyar sauti, masu kayan sautin mota sun san shi, ka ce musu na kashe gunji. Ita kuma amfilifayar, ka sa mata sitabilaiza, domin irin wutar da ke dawowa da ƙarfi tsakar dare ta kashe tsofaffin rediyoyi da yawa a hannuna.

Mai shago zai iya nuna maka wata mai tsada ya ce tana da aptX ko LDAC, wato hanyoyin matse sauti da ke barinsa da ƙarin inganci. Gaskiya ne Bluetooth na matse sauti kafin ya aika. Faifan CD na ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, SBC, hanyar matsewa da kowace risiba ke da ita, yana tsayawa wajen 328, LDAC na kamfanin Sony yana kai 990. Amma sai wayarka ma tana da shi zai yi aiki, kuma iPhone ba ta san aptX ko LDAC ba, SBC da wata hanyar mai suna AAC kaɗai take yi. Sannan ka tambayi kanka, me ke cikin wayar? In tafsirin da aka turo ta WhatsApp ne da waƙoƙin da aka tura maka ta Xender, an riga an matse su tun kafin su iso ka. Ni dai matsakaiciya nake saya, mai ɗan nauyi a hannu. Mafi arhar nan mai kama da filashi takan yi tsuwwa, wata kuma duk lokacin da ta haɗu da waya sai wata murya ta kwarma sanarwa da Turanci ta tashi mai barci.

Abu biyu ka sani tun yanzu. Nisanta kamar mita 10 ne, bangon bulo kuma yana rage shi, in ka sa wayar a aljihu ka fita tsakar gida sautin zai riƙa yankewa. Na biyu, duk abin da wayar ta furta, sifika za ta faɗa. Na ga mutumin da ya buɗe saƙon muryar uwargida a zaure cike da baƙi, ana lissafa masa cefane da murya mai kauri. Ka kashe Bluetooth kafin ka taɓa WhatsApp.

Akwai masu aiki da Wi-Fi. Google ya fitar da Chromecast Audio a 2015, ya daina yin sa a 2019, yanzu irin su WiiM Mini ne suka maye gurbin. Su da kansu suke jawo waƙa daga intanet, waya umarni kawai take bayarwa, ko an kira ka sautin ba ya tsayawa. Suna tafiya da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021. Sai dai sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma suna son rauta a kunne da data kullum. Mai sola a gida ya saya. Kai da kayanka ke cikin waya, Bluetooth ta ishe ka.

Kada ka biya sai an gwada maka da wayarka a shagon. Kaset ɗin kuwa, galibi bel ɗin roba ne ya saki ko ya narke, kai wa mai gyara ya canja.

TAMBAYA: Malam, na haɗa irin wannan da talabijin, amma bakin 'yan fim na riga maganarsu. Daga wata mai karatu a Tarauni.

AMSA: Hajiya, halin Bluetooth ke nan, yakan yi jinkirin da ido ke kamawa. Tunda talabijin ba yawo take yi ba, ki sa a ja igiya daga ramin iyafis ko AUDIO OUT na bayanta kai tsaye zuwa AUX na rediyon. Risibar ki bar wa waya.