Masaukin hutu na Disney: mu kama haya tukuna, ko mu saya kawai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna zaune a jihar Teksas da yaranmu uku, babbar shekararta 11, autan kuma 4. Bara mun kai su Disney World a Fulorida, a can aka yi mana bayanin Disney Vacation Club, inda mutum yake sayen maki ya riƙa sauka a masaukansu kowace shekara. Tun da muka dawo maigida ya ƙwallafa rai sai mun sayi maki 150, yana cewa har jikokinmu za su mora. Wata abokiyar aikina kuma ta ce ana kama hayar makin daga hannun masu su, mu gwada tukuna. Shi yana ganin haya zubar da kuɗi ce. Anti, wanne ya fi? Daga Maman Uku.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abokiyar aikinki ta yi miki gaskiya: ku kama haya tukuna. Ba a cinikin biri a sama, balle cinikin da zai iya ɗaure ku shekara arba'in ko fiye. Sai dai ina so ki san abin da hayar za ta nuna muku da abin da ba za ta taɓa nuna muku ba, domin da yawa suna zuwa su kwana bakwai cikin daɗi, su dawo su sa hannu, alhali ɗakin kawai suka gwada, ba su gwada kwantiragin ba.

Bari in fara da maganar jikoki, tunda ita ce ta fi ratsa zuciyar maigida. Wannan tsari, wanda Disney ta fara a 1991 da masaukin da yanzu ake kira Old Key West, ba mallaka ce ta har abada ba. Kowane masauki yana da shekarar da kwantiraginsa zai ƙare, komai ya koma hannun kamfani. Na Beach Club da BoardWalk zai ƙare a 2042. Na Saratoga Springs a 2054, na Animal Kingdom Villas a 2057, na Bay Lake Tower a 2060, na Riviera kuma a 2070. A 2042 autanku yana wajen shekara ashirin ne kawai. Don haka ko jikoki za su mora ko ba za su mora ba, ya danganta da inda kuka saya, kuma abin da za su gada ya haɗa da kuɗin kula da masauki na kowace shekara, wanda ba ya yafuwa.

Yanzu ga yadda hayar take. Mai maki da ba zai yi tafiya a bana ba yana kama ɗaki da sunanki, ke kuma ki biya shi. Akwai dillalai da aka sani da wannan aiki, irin su David's Vacation Club Rentals da DVC Rental Store, kuma a shekarun nan farashin yana yawo a wajen dala 20 kan kowane maki. Sau da yawa hakan ya fi araha nesa ba kusa ba a kan kama ɗakin nan kai tsaye da kuɗi a hannun Disney. Za ku sauka kamar kowane baƙo, ku hau motocinsu, ku shiga filayen wasa minti 30 kafin a buɗe wa sauran jama'a. Amma tikitin shiga filin ba ya ciki. Ko kun saya ma ba ya ciki, kuma ga iyali mai mutum biyar tikiti da kuɗin jirgi da abinci suna iya zarce kuɗin ɗakin. Wannan lissafin zai dawo muku kowace shekara, ki ajiye shi a gefe guda.

Haɗarin haya ɗaya ne babba: ɗakin yana ƙarƙashin ikon mai makin har ranar da kuka isa. Idan kika kira Disney kina son sauya rana, ba za su saurare ki ba, sai shi. Kuma yawancin yarjejeniyoyin haya ba a mayar da kuɗi idan an fasa. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a Fulorida. Guguwar Ian ta sa an rufe filayen a Satumban 2022, Milton ma haka a Oktoban 2024. Saboda haka ki bi ta hannun dillalin da yake ba da yarjejeniya a rubuce, ki karɓi lambar ajiyar ɗakin ki saka ta a manhajar Disney ki ga sunayenku da idonki, ki kuma yi inshorar tafiya. Wanda ya ce ki tura masa kuɗi kai tsaye a Facebook don ya rage miki dala biyu a kan maki, ki bar masa rangwamensa.

To, ina za ku kama? Nan ne nake so ki natsu. Kada ku kama inda ya fi araha ko inda aka samu gurbi. Ku kama ainihin masaukin da kuke tunanin saya, a ainihin lokacin da za ku riƙa zuwa. Masu yara 'yan makaranta ba su da zaɓi sai dogon hutun tsakiyar shekara, ko na Kirsimeti, ko ɗan hutun Maris zuwa Afrilu, kuma biyun ƙarshen su ne suka fi cin maki. Satumba ce ta fi sauƙi, amma a Satumba 'yarki tana aji. Daren Juma'a da na Asabar ma sun fi sauran tsada. Idan kuka gwada a lokacin sauƙi, za ku dawo da lissafin da ba naku ba.

Sannan ku biyar ne. Ƙaramin ɗakin da suke kira situdiyo, mai ɗan firiji da na'urar ɗumama abinci, mutum huɗu yake ɗauka a Saratoga Springs da Old Key West da Bay Lake Tower da Animal Kingdom Villas. Jaririn da bai kai shekara uku ba ne kawai ba a ƙirgawa, autanku kuwa ya wuce nan. Akwai masu ɗaukar biyar, kamar na Riviera da Polynesian da Beach Club, inda gado na biyar ɗan ƙarami ne da ake janyowa daga bango ko daga ƙarƙashin talabijin. Yau zai ishi autan. Nan da shekara biyar, da budurwa 'yar 16 da ƙannenta da ku iyaye duk a ɗaki ɗaya da banɗaki ɗaya, ke ma kin san ba za ta yiwu ba. Za ku koma mai ɗakin kwana da falo, wanda yake da cikakken kicin da injin wanki, kuma shi yana cin kusan ninkin makin situdiyo. Wato makin nan 150 da maigida yake gani kamar mako guda a shekara zai koma kwana uku ko huɗu, ko kuma mako guda duk shekara biyu. Idan da hali, ku raba hayar: rabi a situdiyo, rabi a babban. Gani ya kori ji.

Ni na taɓa kama haya a Animal Kingdom Villas, kuma ba zan ɓoye miki ba, wurin yana shiga rai. Da sassafe na fito baranda da shayina, ga raƙumin dawa yana cin ganye a ƙasa, kusa har ina jin ƙarar tsinkewar reshen. Amma a daren ranar na tsaya a layin mota a filin wasa na Magic Kingdom bayan wasan wuta, yaro yana barci a kafaɗata, takalminsa ɗaya a hannuna, motar farko ta cika ta tafi ta bar mu. Masaukin nan ba shi da hanya sai mota. Wanda ya sauka a Bay Lake Tower da ƙafa yake takawa gida a wannan daren, na Beach Club kuma da ƙafa yake shiga filin wasa na EPCOT. Irin wannan bambancin ba ya fitowa a hoton talla, kuma shi ne amfanin haya. Ki lura da wani abu kuma: ba kullum ake gyara ɗaki ba kamar a otal. A zaman mako guda, sai rana ta huɗu ake sauya tawul. Wasu matan suna jin daɗin dafa abincinsu da wanke kayan yara a ɗaki, musamman masu kiyaye abin da suke ci. Wasu kuma suna cewa ba su bar gida don su zo su yi wanke-wanke ba. Sai kin kwana a ciki za ki san a wane ɓangare kike.

Abin da haya ba za ta koya muku ba shi ne rayuwar mai maki. Mai maki yana kama ɗaki a masaukin da ya saya tun saura wata 11, a sauran masaukan kuma sai saura wata 7, lokacin da ɗakunan da ake rububi sun riga sun tafi. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: wurin aikinku yana ba ku damar sanin ranar hutunku wata 11 kafin lokaci? Idan aikin ɗayanku na canjin lokaci ne, ko kuna da iyaye a gida da za a iya kiranku kansu kowane lokaci, wannan tsarin zai wahalar da ku. Ana iya ajiye makin bana zuwa baɗi, ana iya cin na baɗi a bana, amma akwai wa'adi, kuma makin da ya wuce wa'adinsa ya tafi ke nan. A 2020 da annoba ta sa aka rufe filayen daga Maris zuwa Yuli, kuɗin kula na shekara bai tsaya ba.

Ga lissafin da nake so ki ajiye wa maigida a gabansa, cikin ruwan sanyi, bayan ya ci abinci. Saye kai tsaye daga Disney ya haura dala 200 kan maki. Mu ɗauka 225: maki 150 ya kama dala 33,750. Kuɗin kula ya bambanta daga masauki zuwa masauki kuma kusan kowace shekara sai ya ƙaru. Mu ɗauka dala 9 kan maki, wato 1,350 a shekara. Hayar maki 150 a kan dala 20 ta kama 3,000. Ke nan abin da mai saye yake tsira da shi a kan mai haya dala 1,650 ne a shekara, ba 3,000 ba. Raba 33,750 da 1,650, za ki ga sai an yi shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma da sharaɗin kuna zuwa kowace shekara ba fashi. A lokacin babbar 'yarki ta haura 30. Idan kuma da bashi za a saya, ruwan da ake ɗorawa a irin wannan ciniki yana da yawa, zai cinye ribar gaba ɗaya, ban da abin da ke cikinsa ga mai gudun riba. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: abin da ba za ku iya biya lakadan ba, ku ci gaba da hayarsa.

Akwai hanya ta uku, sayen na hannu daga wanda yake son fita. A wasu masaukan, kamar Saratoga Springs, farashin yana sauka zuwa kusan rabi, shekarun dawowar kuɗi ma su ragu zuwa wajen goma. Amma da sharuɗɗa. Disney tana da ikon karɓe cinikin a farashin da kuka daidaita kafin ya tabbata. Tun daga Janairun 2019, makin hannu na tsoffin masaukai ba ya aiki a Riviera da sababbin da suka biyo bayansa, makin Riviera na hannu kuma a Riviera kaɗai yake aiki. Wannan ya shafi har wanda ya sayi Riviera sabo, domin ranar da ya tashi sayarwa, mai saye zai taya da rahusa. Rangwamen da ake ba 'yan ƙungiyar Disney Vacation Club ma sai wanda ya sayi aƙalla maki 150 kai tsaye, kuma kamfani yana iya sauya shi duk lokacin da ya ga dama, don haka kada a gina lissafi a kansa.

Ban ce saye wauta ba ce. Na Disney yana riƙe darajarsa fiye da yawancin irinsa, kuma iyalin da suke zuwa shekara bayan shekara, suna son manyan masaukai, suna da kuɗin a hannu, suna cin riba. Maigidanki ma ba kuɗi yake son zubarwa ba, fuskar yaransa ya gani a ranar nan yana son ya riƙa ganinta. Ki gaya masa kin fahimci haka. Sannan ki roƙe shi ku yi haya bana, ku sake yi baɗi. Idan zuwa na biyun ya zo kuna ɗokinsa, yara ba su fara cewa a kai su wani wuri ba, makin yana nan a kasuwa, ba ya ƙarewa.

TAMBAYA

Anti, ni na riga na sa hannu. Kwana huɗu ke nan da wani kamfani a Olando ta jihar Fulorida ya zaunar da mu awa uku da alkawarin tikiti kyauta, muka fito da kwantiragi. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Akwai mafita? Daga wani ɗanki a Jojiya.

AMSA

Akwai, ɗana, amma ka tashi yau. Dokar Fulorida ta ba wanda ya sayi irin wannan rabon masauki kwana 10 ya fasa ba tare da tara ba, kuma ba wanda ya isa ya sa ka yafe wannan haƙƙin. Kwanakin har da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa. Buɗe kwantiragin, nemi sashen da ya yi maganar sokewa, a nan za ka ga adireshin da ake aika takarda. Rubuta gajeriyar wasiƙa da sunanka da lambar kwantiragi da ranar da ka sa hannu, ka ce ka soke, duk wanda sunansa yake kan takardar ya sa hannu. Aika ta gidan waya ta hanyar da ake ba da rasit da shaidar isarwa, ka ajiye kwafi. Kada ka dogara da kiran waya, kuma kada ka koma ofishin don a tattauna, domin sabon rangwame za a yi maka har kwanakin su ƙare. Idan daga baya wani ya kira ka yana cewa zai fitar da kai ko yana da mai saye, amma ka fara biyansa, ka kashe wayar. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan.