Tambayoyinku kan fasaha: alat na bogi, layin shago da littafin bashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Makon jiya wani ya ɗauki turmi uku, ya ce ya tura kuɗi, alat kuma ya shigo wayata da sunan bankina. Da dare na duba asusu, ko kwabo babu. Ta yaya aka yi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, ciniki ya koma kan tiransifa, macuta ma suka bi shi can.

Saƙon da ka gani ba bankinka ya aiko shi ba. Akwai hanyoyin tura saƙonni ta intanet da mutum zai rubuta sunan da ya ga dama a wurin sunan mai aikowa. Ya riga ya ga lambar asusunka a jikin shago, wataƙila har da lambar wayarka, sai ya sa sunan bankinka, wayarka kuma ta jera saƙon a cikin na gaskiya. Hoton rasit da ake miƙo maka a fuskar waya ya fi wannan sauƙin haɗawa. Abin da bai sani ba shi ne nawa ne a asusunka, shi ya sa ragowar kuɗin da ke ƙasan irin wannan saƙo ba ta dacewa da lissafinka.

Kafin kaya su shiga leda, ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar USSD ɗin bankin, wato wadda ke farawa da * ta ƙare da #, ka ga kuɗin sun zauna. In ya ce matsalar netwok ce, ka ba shi kujera da ruwa, ko ka ajiye masa kayan ya dawo. Mai saye na gaskiya ba ya fushi da wannan. Mai gaggawa, wanda ke cewa mota na jiransa, shi za ka fi sa wa ido. Ka koya wa yaranka na shago haka, domin su aka fi hari in ka tafi salla.

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida a Kaduna. Saƙonnin masu saye sun cakuɗe da na dangi, har ina manta wadda ta biya. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, ki raba gida da kasuwa. Ki sayi sabon layi, ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi don ƙananan 'yan kasuwa. Zai zauna a waya ɗaya da WhatsApp ɗinki na kullum, kowanne da lambarsa. Akwai wurin jera hotunan kaya da farashi, sai ki huta da tura hoto ɗaya sau ashirin. Akwai kuma alamomi masu launi da za ki liƙa wa kowace hira: ta biya, ba ta biya ba, an aika.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne rajistar layin. Ki yi ta da NIN ɗinki, ba na ƙanenki ko yarinyar da ke taya ki ba. Ranar da wayar ta ɓata, mai rajistar kaɗai zai iya dawo da layin, kuma duk masu sayenki suna kansa. In kina son wata ta taya ki amsa saƙo, ki haɗa wayarta da WhatsApp Business ɗinki, ana iya haɗa na'urori har huɗu, kuma kina iya cire ta duk lokacin da kika so. Ki kunna lambar sirri ta mataki biyu, wato lambar da za ki zaɓa da kanki, wadda WhatsApp zai nema in an so yin rajistar lambarki a wata waya. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo kuwa, ko wa ya kira ya nema, kada ki faɗa.

Tambaya: Malam, in daina rubuta bashi a littafi in koma waya?

Amsa: Ka koma, amma kada ka jefar da littafin a watan farko. Google Sheets, manhajar Google ta jera lissafi layi-layi, ya ishe ka: suna, kwanan wata, kaya, abin da ya rage. Yana ajiyewa a asusunka na Gmail, ko an sace wayar, lissafinka na nan. Sai dai ka rubuta kalmar sirrin Gmail ɗin a takarda, ka adana ta a gida.