Maimaita darasi ba ya goge tsohon maki wajen neman likitanci a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a wata jami'a a jihar Maryland, da bizar karatu, kuma burina in zama likita. Na samu C- a Organic Chemistry. Jami'armu ta ce idan na maimaita, sabon maki zai maye gurbin tsohon. Shin makarantun likitanci za su ga na farkon? Ban ma gaya wa Baba ba tukuna, kuma shi ke turo kuɗin makaranta daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Za su gani. Dokar maye gurbi ta jami'arku ce kawai, iyakarta ƙofar jami'ar. AMCAS, inda ake cike takardar neman yawancin makarantun da ke ba da digirin likitanci na MD, tana sake lissafin GPA, wato matsakaicin makinki, da kanta, kuma kowane zama da kika yi wa darasi sai ta ƙirga shi. C- a wurinta 1.7 ne. Idan kika maimaita kika ci A, wato 4.0, za a haɗa su biyun, matsakaicinsu ya tsaya 2.85. Kuma darasin yana cikin lissafin makin kimiyya da suke warewa daban, na Biology, Chemistry, Physics da lissafi. A da, AACOMAS, inda ake neman makarantun da ke ba da DO, ɗaya digirin likitancin na Amurka, tana ɗaukar maki na ƙarshe kaɗai, amma ta daina a 2017. Wanda ya ce miki akwai wannan sauƙin, tsohon labari yake ba ki.

Duk da haka, ki maimaita. Makarantu da yawa ba sa karɓar abin da bai kai C ba a darussan da suka wajabta, ga shi kuma jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci za ta sake tambayarki wannan ilimin. Da a ce C cif kika samu, da na ce ki wuce gaba ki ci Biochemistry da kyau, don cin darasi mai wuya ya fi burge su fiye da sake bin wanda aka riga aka gani. Abin da nake jiye miki shi ne ki koma ajin da irin karatun da ya kayar da ke. Zama na biyu da ya ƙare a B- ko C ya fi na farko yin illa. Ki rage yawan darussan zangon, ki riƙa zuwa ofishin malamin a lokacin ganin ɗalibai da tambayoyin da suka gagare ki a rubuce, ki riƙa zana matakan haɗuwar sinadarai da hannunki har sai sun zauna.

Baba kuwa, ki gaya masa da bakinki kafin takardar kuɗin zango ta gaya masa. Ki je masa da bayani da shiri, ba kuka kaɗai ba.

Batun takardun zama a ƙasar ma ya fi wannan C- nauyi. Makarantun likitancin da ke ɗaukar masu bizar karatu ta F-1 ba su da yawa, bashin karatu na gwamnatin tarayya bai shafe ki ba in ba ki da katin zama na dindindin, wasu makarantun kuma sai kin nuna kuɗin karatun a ajiye tukuna. Tun yanzu ki buɗe MSAR, kundin makarantun da AAMC, ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, ke fitarwa, ki ware waɗanda ke karɓar baƙi, sannan ki duba shafin kowacce ki ga mafi ƙarancin makin da take yarda da shi.