'Yata tana tsaga hannunta, kuma ta ce ba ta jin zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 19 takan tsaga hannunta da reza duk lokacin da ranta ya ɓaci, musamman idan ta ga kamar wata ƙawa ta juya mata baya, kuma ta ce ba ta jin zafi ko kaɗan. Likita ya ce tana da lalurar da ake kira BPD, amma dangin mahaifinta sun dage cewa aljanu ne. Yaya abin yake?
Wata uwa daga Daura

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Abin da ta faɗa miki gaskiya ne, kuma sananne ne a wannan lalura mai sa zuciya ta riƙa hawa da sauka da tsananin tsoron kada a guje wa mutum. Binciken da likitocin ƙwaƙwalwa Martin Bohus da Christian Schmahl suka yi a Jamus ya nuna cewa masu ita sukan jure zafi da sanyi fiye da sauran mutane, kuma juriyar tana ƙaruwa idan hankalinsu ya tashi. Fatarsu lafiya lau take. Abin da ya sauya shi ne yadda ƙwaƙwalwa take auna ciwon, har wasu sukan ji kamar jikin ba nasu ba ne.

Inda tarkon yake shi ne, raunin yakan kwantar da ƙuncin zuciya na ɗan lokaci, shi ya sa ake komawa gare shi. Saboda haka faɗa da gori ba sa magani, sai dai su ƙara hura wutar da take neman kashewa. Yawancinsu ba mutuwa suke nema ba, amma haɗarin yana nan, don haka ki tambaye ta cikin natsuwa ko tana tunanin kashe kanta. Idan ta ce eh, a kai ta asibiti a ranar.

Ƙwayoyi kaɗai ba sa isa. Maganin da aka fi gwadawa shi ne horon zantawa mai suna DBT, wanda masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta Amurka ta wallafa tsarinsa a 1993, inda ake koya wa mutum dabarun sauke ƙunci, kamar tsoma fuska cikin ruwan sanyi. Ki nemi likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Dangi kuwa su ci gaba da addu'a, amma kada a fasa zuwa asibiti saboda addu'ar, kuma a kawar da reza daga ɗakinta tun yau.