Tambayoyi da Amsoshi: Tsohon Final Fantasy da aka sabunta, ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya: Malam, na ga wasannin Final Fantasy guda shida a Play Store ɗauke da sunan Pixel Remaster, kuma duk na kuɗi ne, alhali hotunansu ba su wuce irin na wasannin kaset da muka buga muna yara ba. Me aka sabunta a cikinsu, kuma ya dace in saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, da gangan kamfanin Square Enix ya bar hotunan a haka. Wasan farko ya fito a Japan a 1987 a kan na'urar Famicom, na shida kuma ya fito a 1994 a kan Super Famicom, sannan tsakanin Yulin 2021 da Fabrairun 2022 aka sake fitar da duka shidan a waya da kwamfuta. Ba a sauya labari ko tsarin faɗa ba. An sake zana mutanen wasan ɗigo bayan ɗigo domin su fito sarai a allon zamani, kuma Kazuko Shibuya, wadda ta yi aikin zanen tun a wasan farko, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. An kuma sake tsara kiɗan a ƙarƙashin kulawar Nobuo Uematsu, wanda shi ne ya tsara na asali. A ganina kiɗan nan ne gyaran da ya fi kowane daraja, domin waƙar da a da take fitowa da 'yar siririyar ƙara yanzu tana zuwa da cikakkun kayan kiɗa, musamman idan ka sa abin saurare a kunne.

Daɗin irin waɗannan wasanni yana cikin natsuwarsu. Ba saurin yatsa ake nema ba. Kana jagorantar 'yan mutane huɗu ko biyar, kana zaɓar wa kowanne abin da zai yi daga jerin umarni, wannan ya kai sara, wancan ya yi tsafin wuta, ɗayan ya warkar da wanda ya ji rauni, kuma nasara takan dogara ne ga shirin da ka yi kafin ka shiga kogo. Sau ɗaya ake biya, babu talla, babu wanda zai tsayar da kai a tsakiyar wasa ya ce ka sayi wani abu kafin ka ci gaba.

Sai dai gyaran bai taɓa ginshiƙin wasan ba, kuma a nan ne mai saye yakan yi da-na-sani. Kana tafiya a fili babu kowa a gabanka, ka yi 'yan taku sai allo ya girgiza dodanni su bayyana, ka gama da su, ka ƙara 'yan taku, wasu su sake fitowa. Kaset ɗin wasan farko bai kai girman hoto ɗaya da wayarka take ɗauka a yau ba, saboda haka maimaita faɗa na daga cikin hanyoyin da aka tsawaita wasan da su. Kamfanin ya rage wannan wahala da taswira a gefen allo, da ajiyar ci-gaba da wasan yake yi da kansa, da maɓallin da yake maimaita umarninka na baya. Da wasannin suka isa Switch da PlayStation 4 a Afrilun 2023, an ƙara damar kashe faɗan ba-zata gaba ɗaya da ninka makin gogewa, wato makin da yake ƙara wa mutanenka ƙarfi, har sau huɗu, kuma a farkon 2024 waya da kwamfuta suka sami waɗannan. Shawarata ita ce a yi amfani da su da ƙima, domin wanda ya ninka komai sau huɗu tun daga farko zai tarar manyan abokan gaba suna faɗuwa da sara biyu, wasan ya zama karatun labari kawai.

Akwai kuma abubuwan da aka cire. Fitowar da aka yi a baya a ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy Advance ta zo da ƙarin koguna da abokan gaba, na biyar ma har da ƙarin sana'o'i, wato matsayin da ake ba mutanen wasan kamar mayaƙi ko mai tsafi, amma babu ko ɗaya daga cikinsu a Pixel Remaster, saboda kamfanin ya koma ga tsarin asali. Haruffan Turancin da aka fara sakawa sirara ne ƙwarai, sun sha suka, har sai da aka ƙara zaɓin wasu masu kama da na da. Kuma tunda babu fassarar Hausa, wanda karatun Turanci yake gajiyar da shi zai rasa rabin abin da ya biya.

Tambaya: Idan guda ɗaya kawai zan iya saya, wanne ya fi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ɗauki na shida, kuma kada lambar ta ruɗe ki, domin kowane wasa da labarinsa da mutanensa, ba ci-gaban na baya ba ne. Na shida yana da mutane 14 da ake iya sarrafawa, kowanne da baiwarsa, kuma labarin yarinyar nan Terra da mugun nan Kefka yana juyawa a tsakiya ta hanyar da ba zan faɗa ba, don kada in ɓata miki. Idan kin fi son labari miƙaƙƙe, na huɗu ya fi sauƙin bi, kuma shi ne ya kawo tsarin da abokan gaba ba sa jiran ki gama tunani kafin su kai hari. Na biyar na masu son gwaje-gwaje ne, saboda sana'o'i 22 da ake sauya wa mutanen. Na biyu ki bar shi sai daga baya, tsarin ƙara ƙarfinsa ya bambanta da na sauran kuma yana gundurar mutane da yawa.

Tambaya: Wani abokina ya ce zai tura mini wasan kyauta, wanda aka fasa. Akwai matsala? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Akwai. Ban da batun haƙƙin masu abu, manhajar da aka fasa wani ne ya buɗe ta ya sake rufewa, kuma ba ka da hanyar sanin abin da ya cusa a ciki, ga shi za ta zauna a waya ɗaya da manhajar bankinka. Haka kuma sau da yawa tsohuwar fitowa ce, wadda ba ta da zaɓin haruffa da kashe faɗan da na ambata a sama, kuma ba za ta sabunta kanta ba. Idan kuɗi ne matsalar, ka jira lokacin rangwame, wanda kamfanin yakan yi lokaci zuwa lokaci. Idan kuma kana da kwamfuta, ka saya a Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, inda ake mayar da kuɗi matuƙar ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga fiye da awa 2 ba. Wannan lokaci ya ishe ka ka shiga kogon farko ka gani ko za ka iya jure yawan faɗan.